Rantsuwa ce ko alkawari? Abin da jikokinmu ke faɗa a gaban tuta a makarantun Amurka

  

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, wani dattijo daga cikin masu sahun gaba ya tsayar da ni a bakin ƙofar masallaci. Ya zaro waya ya nuna mini wani ɗan bidiyo da ɗansa ya aiko masa daga Amurka. Jikanyarsa ce, ƴar kimanin shekara bakwai, da ɗan hijabinta, tana tsaye a aji tare da sauran yara. Kowa ya ɗora hannun dama a ƙirji, sun fuskanci tuta, suna karanta wasu kalmomi da murya ɗaya. Shi uban ya aiko ne don a ga yadda bakin ƴarsa ya faɗa da Turanci. Kakan kuwa ba Turanci ya gani ba. Ya ce da ni, "Malam, wannan tsayuwa da ɗora hannu a ƙirji ai kamar ƙabalu ne. Kuma an ce mini har da sunan Allah a ciki. Rantsuwa ake sa ta yi wa ƙyalle kowace safiya?" Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in bincika tukuna, don wannan ba amsar bakin ƙofa ba ce." To, da yake yanzu gidaje da yawa a unguwarmu suna da wani nasu a can, na ga ya fi kyau in rubuta amsar a nan kowa ya samu.

Da farko, me yaran suke faɗa? Ma'anarsa a taƙaice ita ce: mai magana yana ɗaukar alkawarin biyayya ga tutar Amurka da jamhuriyar da tutar take wakilta, al'umma ɗaya a ƙarƙashin Allah, wadda ba ta rabuwa, mai ƴanci da adalci ga kowa. Shi ke nan, jimla ɗaya ce.

Wanda ya rubuta shi wani tsohon fasto ne na ɗarikar Baftis mai suna Faransis Belami, a shekarar 1892. Yana aiki ne a wata mujallar matasa ta birnin Bostan, wadda a lokacin take kamfen ɗin sayar wa makarantu tutoci, aka kuma shirya alkawarin don bikin cika shekara 400 da isar Kolombus nahiyar. Abin lura a nan: fasto ne ya rubuta, amma bai sa sunan Allah a ciki ba ko sau ɗaya. Abin da ya dame shi shi ne haɗin kan ƙasa, domin ba a kai shekara talatin da gama yaƙin basasarsu ba, wanda ya ƙare a 1865. Daga nan kalmar "ba ta rabuwa" ta samo asali. Shi kansa ɗora hannu a ƙirjin da ya tayar wa Alhaji hankali, daga baya ya shigo. Da can miƙa hannu suke yi wajen tutar. Da aka ga miƙawar ta yi kama da gaisuwar ƴan Nazi na Hitila, sai majalisar dokokinsu ta canza ta a 1942 ta koma hannu a kan zuciya. Ka ga ba daga sallar kowa aka aro ta ba.

Sunan Allah kuwa sai a 1954 ya shigo, shekara 62 bayan rubutawa. Lokacin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wadda gwamnatinta ta tsaya a kan aƙidar babu Allah. Wata ƙungiyar Katolika ta ɗau shekaru tana neman a ƙara kalmomin. A watan Fabrairu na wannan shekarar wani fasto mai suna Joj Dokati ya yi wa'azi a wani coci a Washintin, shugaban ƙasa Aizinhawa yana zaune, ya ce alkawarin nan yadda yake ko yaran birnin Mosko za su iya karanta irinsa ga tasu tutar, to me ya bambanta mu da su? Ran 14 ga Yuni 1954 Aizinhawa ya sa hannu a dokar. Bayan shekara biyu kuma aka mai da kalmar dogaro ga Allah taken ƙasa, ita ce wadda kuke gani a jikin dala. Ni dai abin da na fahimta, siyasa ce ta jawo sunan Allah cikin alkawarin, don a nuna wa abokin gaba bambanci.

To ina matsalar take, tunda galibin mutanen ƙasar sun yarda da Allah? Matsalar tana cikin kundin tsarin mulkinsu. Gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya hana majalisa yin dokar da za ta kafa wani addini na gwamnati, ya kuma hana ta yin dokar da za ta tare mutum daga yin addininsa. Wani sashe na kundin ya ce ba za a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙami ba. Kalmar "katanga" tsakanin coci da gwamnati da ake yawan ambata ba ta cikin kundin. Ta fito ne daga wata wasiƙa da shugaba Tomas Jefasin ya rubuta ran 1 ga Janairu 1802 zuwa ga ƴan Baftis na garin Danbari a jihar Konetikat. Ɗalibai, ku lura da waɗanda aka rubuta wa. Masu addini ne, ƴan tsiraru, suna kuka saboda a jiharsu akwai wani coci da gwamnati ta fifita. Su ne suke son katangar, don ta kare su daga manyan ƴan uwansu Kiristoci. Mutanen nan sun fito daga Turai inda sarki yake da cocinsa, wanda bai bi ba ya sha ɗauri ko kora.

Wannan ya sa ba na son mu riƙa cakuɗa tsarin Amurka da na Faransa kamar abu ɗaya ne. Waɗanda suka yi lakwal sun san kalmar layisite, da dokar Faransa ta 1905. A can an kai ga dokar 2004 wadda ta hana ɗalibai sa hijabi da sauran alamomin addini na fili a makarantun gwamnati. A Amurka kuwa ga jikanyar Alhaji nan da hijabinta a makarantar gwamnati. Hannun gwamnati aka fi ɗaurewa a can, an bar ɗan ƙasa da addininsa. Ba ina cewa Musulmi ba sa shan wahala a Amurka ba ne, kowa ya san abin da ya biyo bayan 2001. Maganar abin da doka ta rubuta nake yi.

Waɗanda suka kai tambaya irin ta Alhaji har Kotun Ƙoli ba Musulmi ba ne. Shaidun Jehobah ne, waɗannan masu bi gida gida da ƙasidu. A fahimtarsu gaida tuta bauta ce ga abin da hannu ya ƙera. A 1935 aka kori wasu yara biyu, ya da ƙaninta, daga makaranta a wani ƙaramin gari na jihar Pensilbaniya saboda sun ƙi yi. Ubansu ya kai ƙara. A 1940 Kotun Ƙoli, alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ba makarantar gaskiya. Abin da ya biyo baya bai yi kyau ba: aka bi mabiya wannan ɗarika da duka a garuruwa da dama, aka ƙona musu wurin ibada a jihar Men, aka yi ta korar yaransu daga makarantu. Shekara uku kacal kotun ta warware hukuncinta da kanta. Ran 14 ga Yuni 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, alƙalai shida a kan uku suka ce ba wani ma'aikacin gwamnati, babba ko ƙarami, da yake da ikon tsara wa mutane abin da za su ƙudurta, ko ya tilasta musu furta shi. Wannan hukunci yana nan har yau. Ba a tilasta wa yaro karanta alkawarin, sai dai a wasu jihohi irin su Teksas da Fulorida ana neman iyaye su rubuta takarda kafin a ɗauke masa.

Rigima ta biyu daga ɗaya ɓangaren ta taso. Wani likita a jihar Kalifoniya, Maikel Niyudo, wanda bai yarda da samuwar Allah ba, ya kai ƙara cewa ko da ba a tilasta wa ƴarsa ba, malamin gwamnati yana jan aji kowace safiya su shaida cewa ƙasa tana ƙarƙashin Allah, wannan kuwa kafa addini ne. A watan Yuni 2002 kotun ɗaukaka ƙara da ke San Faransisko ta yarda da shi. Ƙasa ta ɗau zafi. Majalisar dattawa ta yi ƙuri'ar goyon bayan kalmomin, 99 ba ko mutum ɗaya da ya saɓa. Da maganar ta isa Kotun Ƙoli, sai ta zille. Ran 14 ga Yuni 2004 ta ce mutumin ba shi da hurumin shigar da ƙara a madadin yarinyar, domin haƙƙin yanke hukunci a kan al'amuranta yana hannun uwarta, ita kuwa uwar Kirista ce, ba ta da ja. Kalmomin suka zauna.

A nan ne na ajiye takardun na yi shiru. Ka san da wace hujja wasu daga cikin alƙalan suka kare sunan Allah? Ɗaya daga cikinsu, Sandara Okona, ta ce irin waɗannan kalmomi na biki ne da tarihi, ba addu'a ba ne, ba ibada ba ne. Tun a 1984 ma wani alƙalin kotun ya rubuta cewa yawan maimaitawa da ka ya kwashe musu ma'anar addini. Subhanallahi! Wato an bar sunan Allah a wurin ne bisa sharaɗin cewa ba a nufin kome da shi. Wanda ya kai ƙarar, duk da kafircinsa, shi ya ɗauki kalmar da nauyinta, ya ce ai wannan shaida ce. Masu kare ta suka ce a'a, ado ne. Kafin mu yi musu dariya kuwa, mu leƙa kasuwarmu. "Wallahi tallahi ko uwar kuɗina ban mayar ba." Sau nawa a yini? Mu ma mun iya maimaita sunan nan har ya fita daga zuciya ya zauna a leɓe.

Yanzu mu dawo littafinmu. Rantsuwa a shari'a, wadda ake kira yamin, ita ce ƙarfafa magana da ambaton sunan Allah ko wata sifa tasa, da sigar rantsuwa: wallahi, billahi, tallahi. Rantsuwa da wanin Allah an hana. A Buhari da Muslim an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji Sayyadina Umaru yana rantsuwa da mahaifinsa, sai ya hana, ya umurci mai rantsuwa ya yi da Allah ko ya yi shiru. Saboda haka mai cewa "na rantse da kabarin ubana" ko "da aradu" ya fi kusa da abin da Alhaji yake tsoro a kan jikanyarsa. Waɗanda suka kai babin rantsuwa da bakance a Risala sun san rabe-raben: akwai wadda aka ƙulla a kan abin da za a yi ko za a bari nan gaba, in an karya ta sai kaffara, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta tsara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko ƴanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Akwai lagawu, wadda a wurin Malikawa ita ce mutum ya rantse a kan abin da ya tabbata haka yake, sai ya bayyana ba haka ba ne. Akwai kuma gamusi, rantsuwar ƙarya da gangan, wadda ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba.

Ɗora alkawarin tuta a kan wannan ma'auni. Babu sigar rantsuwa a ciki. Yarinyar ba ta ce ta rantse da tuta ba, ba ta ce ta rantse da Allah ba. Sunan Allah ya zo ne a matsayin bayanin ƙasa, cewa tana ƙarƙashinsa, wannan kuwa wace ƙasa ce ba ta ƙarƙashinsa? Abin da ya rage shi ne ahadi, wato alkawari. Kuma yarinya ƴar bakwai alƙalami bai hau kanta ba tukuna.

Tsayuwar fa? Nan malamai sun saɓa, kuma amana ce in kawo duka biyun. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya hana miƙewa don girmama tuta ko taken ƙasa, yana ganin bidi'a ce kuma tana taɓa cikar tauhidi. Gidan fatawa na Masar ya halatta, yana ganin al'ada ce ta nuna ƙaunar ƙasa, ba wanda yake nufin bauta da ita. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ibada tana tafiya da niyya, kuma tuta sananniya ce tun zamanin Annabi: a yaƙin Mu'uta sahabbai uku, Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha, sun riƙe ta ɗaya bayan ɗaya har suka yi shahada. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba na zarginsa. A 1996 wani Musulmi ɗan wasan ƙwallon kwando a can Amurka, Mahmud Abdurra'uf, ya ƙi miƙewa lokacin taken ƙasa, aka dakatar da shi wasa ɗaya, daga baya aka daidaita a kan zai miƙe amma ya ɗaga hannuwansa yana addu'a. Wani abu kuma a gefe: maganar nan da ake yawo da ita a matsayin hadisi, wai son ƙasa yana cikin imani, ba ta inganta ba, malaman hadisi sun yi bayani. Ba ma buƙatarta. Ya isa cewa Annabi da zai bar Makka ya bayyana irin son da yake mata, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Wanda nake so mu fi mai da hankali a kansa shi ne uban yarinyar. Duk baligin da zai karɓi takardar zama ɗan ƙasa a Amurka yana ɗaga hannu ya yi rantsuwa ta sosai: ya saki biyayyarsa ga wata ƙasa, zai kare kundin tsarin mulki da dokoki, zai ɗauki makami in doka ta nema, ya rufe da neman taimakon Allah. Doka ta yarda ya cire ambaton Allah ya yi tabbatarwa kawai, ta kuma yarda a sassauta maganar makami ga wanda addininsa ya hana shi. Wannan sassauci tsoho ne a wurinsu, domin tun farko akwai Kiristoci irin su Kwekas da ba sa rantsuwa sam. Na ji wasu samarinmu suna cewa ai baki ne kawai, a zuciya wani abu daban na nufa, kuma ai kafirai ne. Kul! A Sahihu Muslim an ruwaito cewa rantsuwa tana kan niyyar wanda ya nemi a rantse masa. A cikinsa kuma akwai ƙissar Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun kama su a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗau alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da ƴan kai, ana neman ko mutum ɗaya. Annabi ya ce su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. In ba za ka iya cikawa ba, kada ka ɗaga hannun. In ka ɗaga, iyakarsa ɗaya ce, ita ce iyakar kowace biyayya ko ga iyaye ce: ba a bin abin halitta a saɓa wa Mahalicci.

Maganar littafin da ake dafawa ma ta taso a can. A Janairu 2007 Kit Elisin, Musulmi na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin tarayyarsu, ya ce da Alƙur'ani zai yi. Wasu suka yi ca, wai sai dai Baibul. Alhali a rantsuwar hukuma ƴan majalisa suna ɗaga hannu ne gaba ɗaya ba tare da wani littafi ba, littafin na ɗaukar hoto ne daga baya. Shi kuwa ya aro fassarar Alƙur'ani ta Turanci wadda Jefasin da kansa ya mallaka, daga ɗakin karatu na majalisa. A wurinmu dafa Mus'hafi ba sharaɗin rantsuwa ba ne, ba a san shi a zamanin Annabi ba, alƙalai ne suka shigo da shi daga baya don tsoratar da maƙaryaci. A nan Nijar tsohon kundin tsarin mulki na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya haɗa abu biyun: ya rubuta raba addini da gwamnati cikin ginshiƙan jamhuriya, ya kuma ce shugaban ƙasa ya rantse a kan littafi mai tsarki na addininsa. Wanda ya dafa, to ya san ba alƙalan kotu kaɗai ne shaidunsa ba.

Wani ɗalibi zai ce, Malam, ke nan ka yarda da raba addini da mulki? A'a. Musulunci ba shi da coci, ba shi da Fafaroma da zai yi takara da sarki, saboda haka ciwon da Turawa suka nema wa wannan magani ba irin namu ba ne. Addinin da ya yi magana a kan awo da ma'auni, da gado, da bashi, da haƙƙin maraya, ba zai yarda a kulle shi a masallaci ba. Abin da nake cewa shi ne Musulmin da yake zaune ƴan tsiraru a ƙasar wasu ya san abin da yake kare shi. Katangar da ta hana malamin makarantar gwamnati jan yara addu'a tun hukuncin 1962, ita ce ta hana a ja jikanyar Alhaji addu'ar coci. Sahabban da suka yi hijira Habasha sun zauna ƙarƙashin Najjashi da amana, har da wani ya taso masa da yaƙi suka yi ta roƙa masa nasara. A Hudaibiyya kuma, shekara ta 6 bayan hijira, Suhailu ɗan Amru ya ƙi a rubuta "Manzon Allah" a takardar sulhu, Sayyadina Aliyu ya kasa gogewa, Annabi ya goge da hannunsa mai albarka, manzancinsa bai ragu da kome ba.

Na koma wurin Alhaji bayan sallar Juma'a na ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, yarinya ba ta yi shirka ba, ba ta kuma yi rantsuwa ba. In ubanta bai natsu ba, yana da ikon ya rubuta wa makaranta, ba mai korarta." Ya ce, "Alhamdu lillahi. To me zan ce masa in ya kira?" Na ce ya tambaye shi, bidiyo na gaba ya zama na karatunta, mu ji inda ta kai a izifin Sabbi. Wallahu a'alamu.